Rimin Da Inna Ta Aiko

Ranar da mijina ya shigo da kejin nan ko sannu da zuwa ban yi masa ba. Ina zaune a falo da rigar da na kwana da ita, ƙarfe biyar na yamma, labule a sake. Ya ajiye abin a kan tebur, ya cire takunkumin fuskarsa, ya tsaya yana jiran in tambaya. Na ƙi tambaya. Da ya gaji don kansa ya ce, "Taso ki ga baƙon da na kawo miki."

Na leƙa. Yagaggiyar farar takarda ce fal a ciki, sai wani ɗan hanci da ya ɓullo yana rawa.

"Yallaɓai, ai ɓera ne wannan."

"Ba ɓera ba ne. Hamsta ake ce masa. Ƙaramin irin ne, iyakar girmansa ke nan."

"Ɓera ne mara jela. Duk faɗin Dubai ka rasa abin da za ka kawo min sai abin da muke ɗana wa tarko a Zariya?"

Shi dama ba mai ja-in-ja ba ne, ni ce mai bakin gidan, kowa ya san wannan.

Shekarar korona ce. Muna zaune a Karama, hawa na huɗu, ciki da falo, ƙasanmu shagunan Indiyawa masu sayar da yadi da kayan miya. Shi injiniya ne a wani kamfanin gine-gine, ni kuma ina aikin takardu a wani ofishin kago, masu jigilar kaya zuwa ƙasashe, a Deira. Sai da muka shekara shida da aure kafin in samu ciki. Wata safiya, cikin yana wata takwas, na tashi ban ji motsi ba. Na ce barci yake yi. Na sha ruwan sanyi, na kwanta a ɓarin hagu, na tashi na yi wanke-wanke, har na ɗora tukunya. Ban gaya wa mijina ba sai bayan la'asar, saboda sau biyu a baya ina tayar masa da hankali mu je asibiti a ce lafiya lau, ina jin kunyar na uku. Da muka je, likita ta daɗe tana yawo da na'urarta a kan cikina, sannan ta ce babu bugun zuciya.

Namiji ne. Mijina da abokansa biyu suka kai shi maƙabarta can wajen Muhaisnah, ina kwance a gadon asibiti. Ba a yi suna ba. Likitar ta ce irin wannan sau da yawa ba a gano dalili, kuma ba wani abu na yi ko na ƙi yi ba. Na ji ta da kunne kawai. Ni dai abin da nake juyawa a raina kullum shi ne tsakanin safiya da la'asar ɗin nan, da tukunyar da na tsaya ɗorawa. Na yanke wa kaina hukunci, abu mai rai ba ya ƙarko a hannuna.

Ban yi kuka ba. Jirage sun tsaya, Inna ba ta samu zuwa ba, sai waya. Ita da kowa magana ɗaya suke yi: ki yi haƙuri, mai ceto ne, kada ki yi masa kuka. Na haɗiye. Wata biyu ke nan ina haɗiyewa ranar da kejin ya shigo.

Na ce, "Ka mayar musu da abinsu. Wallahi mutuwa zai yi a hannuna."

Ya ce, "Ni gobe da sassafe zan fita aiki. Ruwansa kullum ake canzawa. In kin ga dama ki canza, in ba ki ga dama ba shi ke nan."

Ya zaro wata takarda daga aljihu ya manna a jikin firij. Matar da ke shagon dabbobin ce ta rubuta masa, shi kuma da yake injiniya ne har ya bi ya ja layi a ƙarƙashin wasu wuraren. A bar shi kwana uku kada a taɓa shi, sai ya saba da gida. Ruwa sabo kullum, a riƙa taɓa bakin kwalbar da yatsa a tabbatar yana ɗiga. Kada a yi masa wanka da ruwa, da yashi yake wanka. Ban da zaƙi, ban da albasa da tafarnuwa da lemo. Shimfiɗarsa takarda mara ƙamshi, a zuba da yawa yadda zai haƙa rami. Ban da garin katako mai ƙamshi, ban da auduga.

Washegari na yi niyyar ba zan ko kalli wajen ba. Har ƙarfe goma ina kan bakana. Sai na tuna kwalbar. To in ta toshe fa? Na tashi ina mita ni kaɗai, ina cewa dubi yadda mutumin nan ya ɗaura min wahala, na cire kwalbar na wanke na zuba sabon ruwa. 'Yar kwalba ce mai bakin ƙarfe, da wani ɗan ƙwallo a bakin, sai ya lasa ruwan yake fitowa. Na taɓa, ɗigo ya zauna a yatsana. Na mayar. Da na rasa yadda zan gane ko yana sha, sai na ɗauko alƙalamin maka na ja layi a jikin kwalbar daidai inda ruwan ya tsaya.

Da gari ya sake wayewa, kafin in wanke fuska na je na duba. Ruwan ya sauka ƙasa da layin, ɗan kaɗan, bai fi kaurin farce ba. Na tsaya ina kallon wannan ɗan ratan kamar wadda aka yi wa albishir. Tun daga ranar ya zama aikina na farko kowace safiya: in duba layi, in goge, in zuba sabon ruwa, in ja wani.

Abincinsa na shago ne, haɗin ƙwayoyi iri-iri a leda. Na zazzage a tafin hannuna ina dubawa, sai ga gero a ciki. Gero dai namu. Na ce ikon Allah, ashe ɗan gida ne. Ina da gero kuwa, tiya guda, amma yana cikin kwalin da na hana kaina buɗewa.

Kwalin kayan jego ne. Inna ta aiko da shi ta kago tun cikin yana wata shida, kafin a rufe hanya, da nufin ita ma ta biyo baya ta yi min wankan jego. Ta ofishinmu ma ya biyo, ni na cike takardunsa da hannuna ina dariya. Akwai gero da kanwa na kunu, yajin jego, daddawa, kuka, turaren wuta, zannuwan goyo biyu, sai wani ɗan matashin kai da bai fi tafin hannu biyu ba. Da na dawo daga asibiti na tura kwalin saman wadirof na juya masa baya. Ranar nan na taka kujera na sauko da shi, na ɗebi geron, ban kalli sauran ba, na mayar.

Ya ci geron kuwa. Zama yake yi a kan ƙafafunsa na baya, ya riƙe ƙwaya ɗaya da hannu biyu yana juyawa. In ya ga da yawa sai ya hau cusawa a kumatu, yana cusawa yana cusawa har kansa ya ninka, sannan ya ruga ya juye a raminsa. Ranar da na fara ganin haka dariya ta suɓuce min. Mijina yana kicin, ya leƙo da sauri da cokali a hannu, ya kalle ni, ya koma kan girkinsa.

Inna kuwa da na nuna mata shi a waya sai da ta ajiye carbinta.

"Ke, mene ne wannan nake gani? Ɓera?"

"Hamsta ne, Inna."

"Ko ma hamza ne. Yanzu duk karatun da kika yi, kika haye jirgi kika tafi ƙasar Larabawa, kiwon ɓera ya kai ki? Har da ɗaki aka yi masa? Ki turo min kuɗin mota in kamo miki goma a rumbun kawunki, manya-manya masu jela."

"Inna geronki yake ci."

Ta san geron da nake nufi. Sai ta ce, "To, Allah ya sa masa albarka. Amma kada ki gaya wa kowa a gida, dariya za a yi mana."

Ban sa masa suna ba. Mijina ya kawo sunaye har uku na ce a'a. Ban faɗa masa dalili ba, shi ma bai tambaya ba. Baƙo muke ce masa, har ya bi shi.

Ni da na ce a mayar da shi, na zama 'yar sandar takardar firij. Kokwamba sai na yanka ɗan mitsitsi na wanke na tsane, in ya rage da yamma na cire kada ya lalace a raminsa. Farin dafaffen ƙwai sau ɗaya a mako, kamar ƙwayar wake. Turaren wuta, da ba na iya yini ban sa ba, na daina sa shi a falo gaba ɗaya, don na karanta hayaƙi yana shaƙe su. Wata ranar Alhamis mijina yana azumin nafila, an kira magariba, na fito daga kicin na same shi tsugune a gaban keji yana gutsurar dabino zai miƙa masa.

"Yallaɓai! Me kake yi?"

"Buɗa-baki muke yi ni da baƙo. A ce kana cin dabino baƙonka yana kallo?"

"Kai ka kawo takardar, kai ka ja layi a ƙarƙashin zaƙi! Irinsu ciwon suga yake kama su, ba ka karanta ba? So kake ka kashe min shi?"

Ya janye hannunsa ya jefa guntun a baki. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, Allah ya ba ki haƙuri." Ina gani yana ƙunshe murmushi. Sai daga baya na gane abin da ya ji: kashe min shi na ce.

A mako na uku ya fara hawa hannuna. Na sa gero a tafina na kwantar da hannun a cikin keji na yi shiru. Ya zo ya shinshina, ya koma, ya dawo, sai na ji 'yan ƙafafunsa masu sanyi a kan yatsuna. Bai kai nauyin ƙwan kaza ba. Amma ina jin zuciyarsa tana bugawa a fatar hannuna, da sauri da sauri. Na daɗe a durƙushe har ƙafata ta yi sanyi, ban yarda na motsa ba. A ranar na ce a raina, wannan kam zan riƙe shi. In na raya wannan, wataƙila hukuncin da na yanke wa kaina ba gaskiya ba ne.

Lokacin zafi ne, irin zafin Dubai da ko taga ba ka isa ka buɗe ba. Esi mai sanyaya ɗaki ba ya mutuwa a gidan, dare da rana. Namu kuma na tsohon gini ne, bai san shwaiya shwaiya ba, wato kaɗan-kaɗan, ko dai ya ƙanƙarar da kai ko ya tsaya cak. Wata safiya na tono baƙo don in share masa gida, na same shi a dunƙule cikin takarda, na ji kamar jikinsa da sanyi. Wataƙila ma hannuna ne ya yi zafi, Allah masani. Amma na dubi takardar nan, busasshiya, tana ƙaras-ƙaras, raina ya ɓaci. A ce ɗan abu kamar wannan a kan takarda yake kwana, kamar ƙosai?

Sai na tuna da matashin.

A gidan kakanmu a Zariya akwai wata tsohuwar bishiyar rimi a bayan katanga. Idan ƙwansonta ya fashe, audugar takan yi ta tashi tana sauka a tsakar gida. Duk 'ya'yan da Inna ta haifa a kan matashin rimin nan muka fara ɗora kai, haka jikokinta. Ita take tsinta da hannunta, ta shanya, ta zauna ta cire ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya, ta ɗinka a ƙyallen atamfarta. Cewa take yi kan jariri ya fi zama daidai a kan rimi, kuma ba ya sa gumi. Soso da abin kanti kuwa ba ta yarda da su ba ko kaɗan. Na sake taka kujera na sauko da kwalin. Matashin yana ƙasa, atamfa ce shuɗiya da na san Inna da ita tun ina sakandare. Na kai shi hancina, ƙanshin ɗakinta ne. Na ɗauko reza na farke ɗinkin gefe ɗaya.

Mijina ya fito yana ɗaura agogo ya tarar ina zuba rimin a kusurwar kejin.

"A'a. Takardar ta ce ban da auduga fa."

"Audugar kanti suke nufi, wadda aka wanke da magani. Wannan daga bishiya ta zo, ko sabulu bai taɓa ta ba. A kanta na kwanta, a kanta ƙannena suka kwanta, wa ya mutu?"

"Ni dai matar shagon cewa ta yi takarda kawai."

"Matar shagon ta san rimi? Ta taɓa raino?"

Maganar tana fita na ji ta a kunnena. Ya kalle ni, ya kalli farkakken matashin a cinyata, ya gane ko na wane ne. Da wata rana ce da zai tsaya ya nace, don a kan abin da aka rubuta ba ya wasa. Amma wa zai iya ƙwace wannan matashin daga hannuna? Ya ɗauki hularsa ta aiki ya ce, "Sai na dawo."

Baƙo ya so rimin nan, kai! Yana fitowa ya faɗa masa, yana ja yana cusawa a kumatu, yana kaiwa rami yana dawowa. Kafin azahar ya gina wani ɗan gida fari sol, ya shige, hancinsa kawai ake gani. Na ɗauki hoto na tura wa Inna. Ta aiko da murya tana dariya: "Oh ni, ɓera a kan rimina. To ai gara da bai tashi a banza ba." Na ƙara masa washegari, na sake ƙarawa rana ta uku. Kwanakin nan na yi girki mai kyau, na ɗaga labule, har na kira ofis na ce ina ganin wata mai zuwa zan dawo aiki.

Kwana na shida da safe na je duba kwalba. Ruwan yana kan layi.

Na taɓa bakin kwalbar, yana ɗiga lafiya lau. Na duba kwanon abinci, geron da na zuba jiya yana nan ko ƙwaya ba a taɓa ba. Kusurwar da yake kashi babu sabo ko ɗaya. Na tsaya ina kallon farin gidan nan ina jiran ya motsa. Na san wannan jiran. Jikina ya san shi tun kafin kaina ya gane.

Na buɗe rimin da yatsa. Yana ciki, idonsa rabi a rufe, gashinsa a tashe, cikinsa ya kumbura ya yi tauri. Yana numfashi.

Wannan karon ban sha ruwan sanyi ba, ban ce barci yake ba. Na kira mijina, yana ɗagawa na ce, "Ba ya motsi." Ya ce, "Ki hau tasi yanzu, zan turo miki inda asibitin dabbobi yake. Ga ni nan." Na zura abaya a kan rigar barci, na sa baƙo a robar abinci da na huda wa murfi, na sauka hawa huɗu da ƙafa don ban iya jiran lifta ba. A tasi ina ta ce wa direban yalla, yalla, ya yi sauri, shi kuma yana kallona ta madubi yana kallon robar.

Likitar dabbobin wata mata ce mai sanyin hannu, idonta kawai nake gani saboda takunkumi. Ta ɗora shi a kan tawul, ta buɗe bakinsa da wani ɗan ƙarfe siriri, ta fara zaro abu daga kumatunsa. Fari, jiƙaƙƙe, a cure. Ta zaro, ta sake zarowa. Ta taɓa cikinsa a hankali. Ta tambaye ni a kan me yake kwana. Na faɗa mata, har ina yi mata bayanin bishiyar, ina cewa mai tsabta ce, mahaifiyata ce ta gyara da hannunta.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce ba maganar tsabta ba ce. Takarda in sun haɗiye narkewa take yi ta wuce. Irin wannan zaren kuwa, na kanti ne ko na bishiya, ba ya narkewa, curewa yake yi ya toshe hanji. Ta ce jikinsa ya yi ƙanƙanta da a yi masa aiki, kuma ya riga ya galabaita. Ta yi masa allurar ruwa a ƙarƙashin fata, ta ba shi abin rage zafi, ta ba ni ɗan sirinji in riƙa ɗiga masa ruwa a gefen baki. Ta ce mu gani zuwa yamma, amma kada in sa rai da yawa.

Mijina ya iso da takalmin aikinsa duk siminti. Bai tambayi me aka ce ba, ya ga curin rimin a kan tiren likita.

A gida na kwashe rimin tas na zuba a shara, na sa sabuwar takarda, amma ban mayar da shi keji ba. A tafina ya yini. Ina ɗiga masa ruwa yana gangarowa ta gefen bakinsa yana jiƙa min hannu. Ina ce masa yi haƙuri, yi haƙuri, sha kaɗan. Ina jin bugun nan a fatata, yana raguwa, yana tsallake. Ana kiran la'asar a masallacin bayanmu na daina jin sa. Na ƙara minti nawa ban sani ba ina kasa kunne da tafin hannu.

Mijina ya ce, "Kawo shi."

Na ce, "A'a. Ba za a sa shi a shara ba. Kuma ni zan binne shi."

A hawa na huɗu babu ƙasa, a Karama ma duk kwalta ce da siminti. Ya ɗauki makullin mota. Na naɗe baƙo a farin tishu, takarda dai, yadda aka ce tun farko. Na ɗauki babban cokalin miya daga kicin. Muka kama hanyar Hatta, can bayan gari, har gine-gine suka ƙare yashi ya fara. Tun kafin a hango duwatsu ya gangara gefen titi ya tsaya kusa da wata 'yar bishiya. Rana ta yi ƙasa amma yashin yana ƙona gwiwa. Na durƙusa na haƙa da cokalin. Yashin yana ta komawa ramin, ina kwashewa yana komawa. Ya miƙo hannu zai taya ni na ture hannun. Da ramin ya kai tsawon hannuna na sa shi na rufe.

Ban tashi ba. Na ce, "Ni na kashe shi."

Na jira ya ce a'a, ya ce kwanansa ne ya ƙare, irin abin da ake faɗa. Ya tsuguna kusa da ni, ya daɗe yana kallon yashin.

Ya ce, "Rimin ne. Na gaya miki, ba ki ji ba. Ni ma na gani na ƙyale."

Maganar ta shige ni har ƙashi. Amma ita ce magana ta farko cikin wata uku da wani ya faɗa min ba don ya lallashe ni ba. Sai na ji bakina ya tambayi abin da ban taɓa tambayar kowa ba.

"Wancan fa?"

Ya juyo ya dube ni. Idonsa ya yi ja.

"Tun safe na ji shiru, Yallaɓai. Tun safe. Na tsaya wanke-wanke. Na ɗora tukunya."

Ya ce, "Na sani. Na koma wajen likitar ni kaɗai, kina kwance. Na tambaye ta da mun zo da safe fa. Ta ce ga yadda ta gan shi, ya riga ya tafi tun kafin ki farka." Ya ƙara da cewa, "Wancan babu hannunki. Da akwai, da na faɗa miki yadda na faɗa miki wannan."

"Me ya sa ba ka taɓa gaya min ba?"

"Ba ki taɓa bari an ambace shi ba."

A nan ya zo. Wani irin kuka ne da ban san ina da shi ba, da ƙara, da majina, ina dukan yashi da cokalin miya. Motoci suna wucewa a titi. Bai ce in yi haƙuri ba. Ya riƙe kafaɗata, shi ma nasa yana zuba a gemunsa, har aka fara duhu muka tashi.

Da safe na kira Inna na ce mata baƙo ya mutu. Na shirya jin tsokana. Ta tambayi me ya same shi, na rasa yadda zan ɓoye, na faɗa mata.

Ta ce, "Rimina?"

"Ba laifinki ba ne, Inna. Ni na sa masa."

"Kwana uku na yi ina cire ƙwallayen nan," in ji ta, a hankali, kamar ba da ni take ba. "Ina cirewa ina cewa kada ko ɗaya ya taɓa masa kai." Sai na ji tana jan hanci. Matar da ta ce kada in yi kuka. Ta ce, "Yi abinki, 'yar nan. Yi kukanki. Ni ma a ɓoye nake yin nawa."

Da muka ajiye waya na ɗauko matashin. Ya saki, rabinsa babu. Na zare allura na ɗinke inda na farka, ɗinkina bai kai na Inna kyau ba, ana ganin inda nata ya tsaya nawa ya fara. Ban mayar da shi kwali ba, na sa shi ƙarƙashin nawa.

Sannan ƙafata ta kai ni falo da kanta, wajen kejin, kamar kowace safiya. Har na ɗauko alƙalamin maka. Ruwan yana nan daidai kan layin da na ja shekaranjiya.